Linux: Babbar Manhajar da Aka Gina da Gayya

Manomin Funtua da Malumfashi ya san bambancin irin gida da irin masara na kamfani. Na gida ana ajiyewa, a ɗiba wa maƙwabci, a zaɓi mai kyau a sake shukawa. Na kamfani kuwa sai an saya duk damina. Haka abin yake ga babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

A 1983 Richard Stallman, masanin kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka, ya sanar da aikin GNU. Burinsa a samu manhajar da kowa zai yi aiki da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, mai sharaɗin cewa wanda ya gyara ya raba, dole ya bar wa na gaba wannan 'yancin. Sai dai GNU ta rasa zuciyar da za ta haɗa manhaja da na'ura. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta Finland, ya rubuta ta, aka kira ta Linux. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL. Nan gayya ta kankama: dubban mutane a ƙasashe daban-daban, kowa da kunyar da yake nomewa.

Da farko sai gwanaye ke iya girka ta. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu don mutumin gari, har ana aika faifanta kyauta ta gidan waya. A nan gida, kamfanin Leapsoft ya yi Wazobia Linux mai Hausa da Yarbanci da Igbo. A 2007 an raba wa 'yan firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutocin XO masu Linux. Android ɗin da ke aljihunka ma a kanta aka gina shi.

Ina ruwan marubuci? A Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutocin da muke saye na hannu da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Linux Mint ko Lubuntu na tafiya a kansu. LibreOffice na buɗe fayil ɗin Word, kuma akwai tsarin madannai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Cutar da filashi ke kwasowa a shagon buga takardu galibi Windows aka yi wa ita.

Ba a rasa ƙalubale: masu gyaran Linux ba su da yawa a garuruwanmu, shafi kan ɗan goce tsakanin LibreOffice da Word, kuma fassarar Hausa ba ta cika ba. Wannan kunyar tamu ce, don fassara aikin masu alƙalami ne. Kafin ka girka, ka kwafe rubuce-rubucenka a wuri biyu, ka fara gwada ta daga filashi.