Ruwa mai nauyi da tasirinsa a jikin halittu

Ruwa mai nauyi, wanda ake rubutawa D₂O, ruwa ne da dutiriyom ya maye gurbin haidurojin a cikinsa. Dutiriyom wani nau'in haidurojin ne da ya ninka na yau da kullum nauyi. Harold Urey ne ya gano shi a Amurka a 1931, sannan Gilbert Lewis ya tace ruwan zalla a 1933. Ya fi ruwan sha nauyi da kusan kashi 11 cikin 100, yana daskarewa a digiri 3.8, kuma ba ya fitar da tururin nukiliya.

Samuwarsa

Kowane ruwa yana ɗauke da ɗan dutiriyom, kusan ƙwaya 1 cikin ƙwayoyin haidurojin 6,400. Haka yake a ruwan kogin Rima, da madatsar Goronyo, da rijiyoyin Wurno da Rabah, kuma wannan adadin ba ya cutarwa. Ya bambanta da ruwan zartsi, wanda gishiri da ma'adanai ke sauya wa ɗanɗano.

Tasirinsa

Dutiriyom ya fi haidurojin riƙe sauran ƙwayoyin zarra da ƙarfi, don haka raba su yana ɗaukar lokaci. Wannan yana rage saurin inzayim, wato sinadaran da ke sarrafa abinci su fitar da kuzari. Yana kuma dagula rabuwar ƙwayoyin halitta. Lewis ya lura cewa irin taba ba ya tsirowa a cikinsa.

A dabbobi masu shayarwa, idan ya kai kusan kashi 25 cikin 100 na ruwan jiki, haihuwa kan tsaya. Idan ya kai kusan rabi, dabbar kan mutu. Wasu ƙwayoyin bakteriya da gansakuka kuwa suna sabawa har su rayu a cikinsa zalla. Mutumin da ya sha kaɗan yana iya jin jiri na ɗan lokaci, saboda nauyin ruwan cikin kunnensa ya sauya.

Amfaninsa

A 1935 Rudolf Schoenheimer da David Rittenberg sun bi sawun kitse a jikin ɓeraye da dutiriyom, suka nuna cewa kitsen jiki yana sabuntawa a kullum. A yau Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana tallafa wa wata hanyar auna shayarwa: uwa ta sha giram 30, sai a riƙa gwada yawunta da na jaririnta har kwana 14, a gane yawan nonon da yake sha.