Murhu, Turmi da Tulu: Yadda Wahalar Aikin Gida Ta Ragu a Wagadugu

Tun zamanin kakanni, abubuwa uku suka fi cin ƙarfin mace a gidajen Hausawan Wagadugu: itace, daka da ɗiban ruwa. Kafin tuwo ya shiga akushi, uwargida ta surfa dawa, ta daka, ta kai tulu rijiya ta dawo, sa'an nan ta durƙusa tana hura wuta a murhun duwatsu uku, wanda iska take kwashe yawancin zafinsa.

A ƙasashen Turawa masana sun daɗe suna ƙirga takun mace a ɗakin girki. A shekara ta 1929 wata Ba'amurkiya, Lillian Gilbreth, ta tsara ɗakin girki inda murhu, tebur da kayan aiki suke kusa da hannu, domin a rage kai da kawowa. Amma a Burkina Faso tafiyar da take gajiyar da mace ba a cikin ɗaki take ba. Tana kan hanyar daji da ta rijiya.

Bayan farin shekarun 1970 itace ya yi nisa, ya kuma yi tsada. A ranar 22 ga Satumba 1984 gwamnatin Thomas Sankara ta sa maza su tafi kasuwa cefane, domin su ɗanɗana abin da matansu suke sha kullum. A 1985 ta shelanta yaƙi da saran itatuwa barkatai, aka kuma yaɗa ingantaccen murhu. Duwatsun nan uku ne dai, amma an kewaye su da laka, an bar ƙofa ɗaya ta itace. Mace da kanta takan gina shi, zafi ya tsaya a gindin tukunya, itacen kuwa ya ƙara daɗewa.

Injin niƙa ya karɓi rabin aikin turmi. A 2004 ruwan madatsar Ziga ya iso birnin, famfunan unguwa suka yawaita, har wajen Kossodo inda masana'antu suke.

Duk da haka aikin bai ƙare ba. A unguwannin bayan gari har yanzu mata da yara suna tura durom na ruwa. Kowace sa'a da murhu ko famfo ya ceto, ita ce sa'ar da yarinya take zama a aji, uwarta kuma ta kama sana'a ko ta huta.