Yadda taswirorin kwamfuta ke nuna yankunan da teku zai iya mamayewa

Taswirar tumbatsar teku taswira ce ta kwamfuta da ke nuna filayen gaɓar teku waɗanda ruwa zai rufe idan ya ƙara tsayi. Mai dubawa yakan zaɓi adadin ƙarin, misali mita ɗaya, nan take wuraren da ke ƙasa da wannan ma'auni su canza launi.

Ana haɗa ta ne da bayanai iri biyu. Na farko shi ne tsayin ruwan teku, wanda taurarin ɗan'adam ke aunawa tun 1992, lokacin da Amurka da Faransa suka harba TOPEX/Poseidon. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, sakamakon narkewar ƙanƙara da kumburar ruwa saboda zafi. Idan hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ci gaba da yawaita sosai, ƙarin zai iya kaiwa kusan mita ɗaya nan da 2100.

Na biyu shi ne tudun ƙasa. An daɗe ana dogaro da awon da kumbon Endeavour na hukumar NASA ya yi a watan Fabrairun 2000. Sai dai na'urarsa ta riƙa ɗaukar saman itatuwa da rufin gine-gine a matsayin ƙasa, abin da ya sa garuruwa da dama suka zama tamkar suna kan tudu. A 2019 ƙungiyar Climate Central ta gyara wannan kuskure, inda ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 300 ne ke zaune a wuraren da ambaliya za ta iya shafa duk shekara nan da 2050.

Batun ya shafi Nijeriya, mai gaɓar teku ta kimanin kilomita 853. Sassan Legas da yankin Neja Delta suna kan ƙasa mai kwari, kuma tuni teku ya cinye gidaje a garin Ayetoro na Jihar Ondo.

Amma taswirar tana da iyaka. Mafi yawansu suna kwatanta tsayin ruwa da na ƙasa ne kawai, ba tare da lissafa katangun kariya, zaizayar gaɓa ko nutsewar ƙasa ba. Don haka amfaninta shi ne nuna wa hukumomi inda ya kamata a yi awo na ƙasa kafin a ba da izinin gini.