Horo: Bulala Ko Koyarwa?

'Yan'uwa, a Mutum Biyu idan aka ce dattawan ikkilisiya sun sa wani a ƙarƙashin horo, abin da muke tunawa shi ne bencin baya da kunya. Matasanmu da suka yi boko kuwa sukan ce "discipline". Bari mu bi sawun wannan kalma.

Asalinta Latin ne, harshen Romawa. "Discipulus" shi ne mai koyo, "disciplina" kuma koyarwar da yake karɓa. Daga wannan saiwa Turanci ya sami "disciple", wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa, da aka kammala a 1932, yake kira almajiri.

Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci suka cika Turanci. Ta wannan hanya kalmar ta shigo wajen ƙarni na 13, amma da ma'anar azabtar da jiki don tuba. Har bulalar da masu zaman zuhudu suke dukan kansu da ita, sunanta ke nan. A ƙasarmu ma, lokacin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984, da koboko da tsallen kwaɗo aka koya wa mutane bin layi.

Hausa ta riƙe duka biyu: ana horon soja, ana horon mai laifi. Ibraniyawa 12 ta nuna uba yakan hori ɗan da yake ƙauna. To, uba, kafin ka ɗaga sanda, tambayi kanka: me yaron nan zai koya?