Ɗan Fari a Gandu, Ƙane a Aji

A gidajen Gaya da Ajingi, tun kafin a san alli da allon bango, jerin haihuwa ne ke raba wa 'ya'ya makoma. Sunan yaro ma kan faɗi inda ya faɗo: Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Auta kuwa shalelen gida. Ɗan fari ya fi kowa nauyi a wuya, ya kuma fi kowa nisa da iyayensa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, kunya ta hana. Da an yaye shi, sau da yawa kaka ko gwaggo ce ke ɗaukarsa riƙo. Uba kuwa magajin gandu yake gani, wanda zai riƙe gero da dawa da ƙanne in ta Allah ta kasance.

Garinmu tsohon garin ƙira ne. Ruwayar da aka gada ta ce daga Gaya maƙerin nan Kano ya tashi neman tama har ya sauka a Dala, zuriyarsa ce Abagayawa. A maƙera babban ɗa ne ke fara zama bakin zuga-zugi, kuma garmar da ya ƙera ita ke ba da shaidarsa a hannun manomi.

Karatun allo ya fi haka tsanani wajen gwaji. Muna kan tsohuwar hanyar gabas, iyaye na tura yara tsangayu har Barno. Yaro ya tashi daga kolo ya zama titibiri, ya zama gardi, ya yi sauka, ya yi hadda, sannan ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka. Mahaddata su kewaye allonsa, wasali ɗaya ya kuskure sai an kama. Duk mai cewa Bature ne ya koya mana auna ƙwaƙwalwa bai taɓa zama a wannan da'ira ba. Sai dai a can ba a ƙayyade wa mutum sa'o'i. Shekaru ake ba shi.

Boko ta shigo Kano a 1909, lokacin da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa. Da abin ya iso ƙauyuka, aka riƙa ɗora wa dagatai da masu unguwa kawo yara, magidanta suka yi lissafinsu. Ɗan fari ba ya barin gandu. Wanda aka ga yana da kai sai a ba malam. Boko ta samu wanda gida zai iya jure rashinsa: ƙane, maraya, ɗan riƙo. Dattawanmu suna ba da labarin yaran da aka ɓoye a rumbu. Haka gidanmu ya yi. Yayanmu, wanda ya fi mu saurin lissafi nesa ba kusa ba, bai taka aji ba; ni da ke bayansa aka miƙa, har na zama malamin firamare. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ne ya fara sassauta wannan rabo, ya cika azuzuwa da wa da ƙane a benci guda.

Daga nan jarrabawa ta zama mai gadin ƙofa. WAEC tana nan tun 1952, JAMB ta zo a 1978, NECO ta biyo baya. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda ake shiga da cin jarrabawa. Ina girmama wannan tsari har zuciyata. Ɗan talakan da ba shi da kowa a ma'aikata, takardar nan ce ta tsaya masa, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano ta wannan ƙofa suka bi.

Amma me makin yake aunawa? Turawa sun daɗe suna tambayar ko ɗan fari ya fi basira. A 1874 Francis Galton ya lura 'ya'yan fari sun yi yawa cikin masana kimiyyar Ingila. A 2007 masu bincike a Norway suka duba sakamakon samari fiye da 240,000 da aka gwada don aikin soja, suka ga ɗan fari ya ɗara mai bi masa da maki biyu da 'yan kai a ma'aunin basira. Abin da ya fi jan hankalina shi ne na biyun da yayansa ya rasu yana ƙarami: makinsa kan kai na ɗan fari. Ashe ba cikin uwa ne ya bambanta su ba, matsayi ne a gida da kulawar da ke biye da shi. To, can gida ne na mace ɗaya da 'ya'ya biyu ko uku, inda ɗan fari ke shan hirar iyaye shi kaɗai. A gidan mata uku, ɗan farin amarya na iya zama na goma a wurin uba, ga kunya, ga riƙo. Wanda ya ɗauko hukuncin Norway ya ɗora wa yaran Ajingi ya zalunce su.

Wadda ta fi ba ni tausayi a aji ita ce 'yar fari. Goyo a baya, tallan safe, wanke-wanke, sannan ta iso makaranta a makare. Na ga masu kaifin kai da yawa da aka aurar kafin su kai ga jarrabawar kammala sakandare, ƙannensu da suka rena suka wuce jami'a a Wudil.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron ƙauye da bai taɓa danna madanni ba kan ɓata lokacinsa yana neman inda zai taɓa. Wanda ke shiga da natsuwa galibi mai yaya ne a Kano, yayan da ke faci ko tuƙa adaidaita-sahu, ya biya masa kuɗin rajista da na koyon na'ura, ya kuma kwanar da shi a ɗakinsa daren jarrabawa.