Asalin Sunan Mace Mai Aikin Shara a Ingila

A Turancin Ingila akwai wata tsohuwar kalma, charwoman, wadda yanzu ba a cika jinta ba. Ana nufin macen da ake ɗauka ta share gida ko ofis, ta goge daɓe, a biya ta ladan yini ko na 'yan sa'o'i, ta koma gidanta. Ta bambanta da 'yar aikin da ke kwana a gidan uwargijiyarta.

Waɗansu sun ɗauka sunan ya fito daga char, wato shayi a bakin talakawan Ingila. Ba haka ba ne. Wannan kalmar shayi baƙuwa ce daga ƙasar Sin. Tushen na gaskiya shi ne cierr na tsohon Turanci, ma'anarsa juyi ko karo. Daga nan aka soma kiran aikin da ake yi karo ɗaya a gama da suna char. Kafin shekara ta 1600 an riga an haɗa shi da kalmar mace. Kalmar chore da mutanen Amurka ke kiran ƙananan ayyukan gida da ita, daga wannan tushe take.

Ashe sunan ba zagi ba ne tun asali. Halin mutane ne ya shafa masa raini, gama yawancin masu aikin gwauraye ne da matan matalauta. A littafin Charles Dickens na 1843, A Christmas Carol, an nuna irin wannan mace tana sayar da labulen gado da rigar da ta kwashe daga ɗakin mamaci. Amma a 1942 mai ɗaukar hoto Gordon Parks ya ɗauki Ella Watson, baƙar fata mai share ofisoshin gwamnati a Washington, riƙe da tsintsiya a gaban tutar Amurka. Hoton ya sa mutane da yawa suka dubi matar da suka saba wucewa ba gaisuwa.

'Yan'uwa, Turawa sun sake sunan, amma sake suna ba ya biyan lada. Ubangijinmu Yesu da kansa ya ɗauki ruwa ya wanke ƙafafun almajiransa. Matar da ke share majami'armu da gidajenmu, mun san sunanta? Muna ba ta hakkinta a kan lokaci? Bari kowa ya bincika zuciyarsa.