Tikitin jirgi mai araha ko kamfani mai inganci: abin da ake dubawa kafin doguwar tafiya

Ɗan kasuwar Maraɗi mai zuwa sarin kaya Guangzhou, ɗalibin Damagaram da ya samu gurbin karatu a Faransa, hajiyar Tawa mai niyyar umra: dukansu tambaya guda suke fara yi a ajans ɗin sayar da tikiti, wato wanne ya fi araha. Suna da hujja, domin tashi daga Nijar akwai tsada. Amma kuɗin da ke rubuce a kan tikiti kashi ɗaya ne kawai na kuɗin tafiyar. Sauran yana ɓoye cikin nauyin kaya, awannin jira, biza, da abin da kamfani zai yi wa fasinja ranar da tafiya ta cije.

Dalilin tsadar tikiti daga Nijar

Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka kafa kamfanin Air Afrique a 1961. Tun da ya durƙushe a 2002, kamfanonin ƙasashen waje ne ke ɗaukar mafi yawan masu doguwar tafiya daga filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai. A watan Agustan 2023 Air France ya dakatar da zuwa Yamai, a watan Satumba kuma hukumomi suka rufe wa jiragen Faransa sararin samaniyar ƙasar. Tafiyar kai tsaye zuwa Paris, mai ɗaukar kimanin awa 5 da rabi, ta tsaya ke nan. Mai zuwa Turai, Amurka ko Asiya sai ya bi ta wata babbar mahaɗa: Istanbul da Turkish Airlines, Kazablanka da Royal Air Maroc, Addis Ababa da Ethiopian Airlines, ko ya fara sauka Lome da ASKY, ko Abijan da Air Côte d'Ivoire.

Inda kamfanoni ba su da yawa, gasa takan yi ƙaranci, farashi ya hau. Ga kuma haraji. Kuɗin tikiti kashi uku ne: asalin kuɗin kujera, ƙarin da kamfani ke ɗorawa da sunan man jirgi, da harajin gwamnati da na filin jirgi. Rahotannin AFRAA, ƙungiyar kamfanonin jiragen saman Afirka, sun sha nuna cewa yammaci da tsakiyar nahiyar ne ke kan gaba wajen nauyin wannan haraji, kuma Yamai na cikin filayen da suka fi tsada. Lokaci ma yana da tasiri: farashi na tashi a hutun damina daga Yuli zuwa Satumba, da ƙarshen Disamba, da kuma watan azumi ga masu zuwa Jidda da Madina.

Abin da ake rage wa tikiti mai araha

A cikin jirgi guda, mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa na iya biyan kuɗi daban, saboda kowane kamfani ya kasa tikitinsa aji-aji. Ajin da ya fi araha yakan zo da sharuɗɗa masu tsauri.

Na farko shi ne kaya. A hanyoyin Afirka kamfanoni da yawa suna ba da akwati 2 masu kilo 23 kowanne, da jakar hannu ta kilo 7 ko 8. Wani tikitin mai rangwame akwati ɗaya ya ƙunsa, wani ma jakar hannu kaɗai. Ga mai yawon buɗe ido wannan ba komai ba ne. Ga ɗan kasuwar da zai dawo daga Dubai ko Istanbul, kuɗin ƙarin akwati ɗaya a filin jirgi na iya cinye rangwamen duka. A tuna kuma cewa yawancin kamfanoni ba sa karɓar akwati guda da ya wuce kilo 32, ko da mai shi ya yarda zai biya.

Na biyu shi ne sauya rana da fasa tafiya. Tikiti mafi araha galibi ba a maido da kuɗinsa, kuma sauya rana na jawo tara tare da cikon farashin sabuwar ranar. Wanda bizarsa ba ta fito ba tukuna, ko marar lafiyar da bai san ranar da likita zai sallame shi ba, shi ya fi shiga wannan tarko. Ko da tikitin ba na maidowa ba ne, ana iya neman harajin filin jirgi na tafiyar da ba a yi ba. Wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba: wanda bai hau jirgin farko ba, yawancin kamfanoni suna soke sauran tafiyar har da ta dawowa.

Na uku su ne abinci, zaɓen kujera da sauran ƙananan hidimomi. Manyan kamfanoni suna haɗa abinci cikin kuɗin doguwar tafiya, yayin da kamfanonin araha ke sayar da shi daban. A jiragen da ba duk abincinsu ne na halal ba, ana neman abincin musulmi da lambar MOML, kwana ɗaya ko biyu kafin tashi.

Yada zango: inda araha ke zama wahala

Sau da yawa tikiti yana araha ne saboda jiran da ke tsakiya. Awa 2 zuwa 4 a mahaɗa jira ne mai daɗi. Ƙasa da awa ɗaya da rabi a babban fili kamar na Istanbul kasada ce, domin ɗan jinkiri kaɗan ya isa jirgi na biyu ya tashi ya bar mutum, ko ya tafi da mutum ya bar akwatinsa. Jiran awa 15 kuwa kwana ne a kan kujera, da abincin filin jirgi mai tsada.

A nan ingancin kamfani ke bayyana. Ethiopian Airlines na ba da ɗakin otel a Addis Ababa ga masu jiran awa 8 zuwa 24, Turkish Airlines kuma na bai wa fasinjan ƙaramin aji otel idan jiran ya kai awa 12. Dukansu suna da sharuɗɗa, babba daga ciki shi ne ya zamana babu wani jirgin da ya fi kusa, kuma fita zuwa otel a Turkiyya na buƙatar izinin shiga ƙasar. A tambaya tun kafin a biya.

Sai batun bizar wucewa. Masu fasfon Najeriya da na Ghana suna cikin waɗanda dokar yankin Schengen ta wajabta wa wannan biza ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, kuma kowace ƙasar yankin tana da ikon ƙara nata jerin. Wanda zai sauka filaye biyu na Schengen a jere, misali ya canja jirgi daga wannan zuwa wancan, ya shiga yankin ke nan, cikakkiyar biza yake buƙata. Amurka kuwa ba ta barin mai fasfon Nijar ya wuce ta filayenta babu biza. Wanda aka hana shi hawa jirgi saboda rashin takarda, kamfani ba ya biyan sa komai.

Tikiti guda ko tikiti biyu

Wasu shafukan intanet suna haɗa tikiti biyu na kamfanonin da ba su da alaƙa, su nuna farashi mai jan hankali. Idan tafiyar duka tana kan tikiti guda, kamfani ne ke da alhakin kai fasinja inda za shi: in jirgin farko ya makara, zai sa shi a na gaba kyauta, kuma kaya na wucewa da kansu. Idan tikiti biyu ne, fasinja zai karɓi akwatinsa, ya ratsa wajen ƴan sandan iyaka, ya sake rajista, in kuwa ya makara sai ya sayi sabon tikiti.

Akwai kuma bambanci tsakanin ajiyar kujera da tikitin da aka biya. Lambar ajiya mai haruffa 6 ba ta nuna cewa kuɗi sun isa ga kamfani. Tikiti na gaske yana da lamba 13, uku na farko na kamfanin ne: 235 na Turkish Airlines, 071 na Ethiopian, 147 na Royal Air Maroc. Wanda ya saya a ajans ya nemi wannan lamba, ya duba ta a shafin kamfanin kafin ya kama hanyar Yamai.

Lafiyar jirgi da ƙarfin kamfani

Araha ba ta nufin jirgi maras lafiya. Dokokin ƙungiyar OACI ɗaya ne ga kowa, kuma akwai kamfanonin araha masu kyakkyawan tarihi. Ma'auni biyu ne kowa ke iya dubawa kyauta. Ɗaya shi ne jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ta hana shiga sararinta, wanda take sabuntawa tun 2006. Ɗayan shi ne binciken IOSA na ƙungiyar IATA, wanda ya zama tilas ga duk mambobinta. Taurarin da Skytrax ke rabawa kuwa hidima suke aunawa, kamar kujera, abinci da tarbar ma'aikata.

Ƙarfin aljihun kamfani ma abin dubawa ne. A watan Satumban 2019 kamfanonin Faransa biyu, Aigle Azur da XL Airways, suka durƙushe. Na farkon, mai zuwa Aljeriya da Bamako, ya bar dubban fasinjoji a filayen jirgi da tikitin da ba ya aiki. A Maris na wannan shekarar WOW Air na ƙasar Iceland ya rufe dare ɗaya, a Janairun 2021 kuma Norwegian ya daina doguwar tafiya. Kamfanin da ke zuwa gari sau biyu a mako, in ya soke jirgi, jiran kwanaki ne. Mai zuwa kullum, ko wanda ke cikin babban ƙawance kamar Star Alliance ko oneworld, ya fi samun hanyar sauya wa fasinja jirgi.

Jiki ma yana da nasa lissafin. Tazarar kujeru a ƙaramin aji na manyan kamfanoni takan kai santimita 76 zuwa 81, a wasu na araha kuwa 71 zuwa 74. Wani binciken hukumar lafiya ta duniya OMS da aka fitar a 2007 ya nuna cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa kusan sau biyu bayan zaman awa 4, kodayake abin bai cika faruwa ba. Tsofaffi, masu juna biyu da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan su suka fi bukatar gajeriyar hanya, kujerar bakin layi, shan ruwa da miƙe ƙafa.

Haƙƙin fasinja idan an samu matsala

Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke kula da yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. Wanda akwatinsa bai iso ba ko ya lalace ya cika takardar PIR tun kafin ya bar filin jirgi. Yana da kwana 7 ya rubuta koke kan lalacewa, da kwana 21 kan jinkiri. Diyyar tana da iyakar da ba ta wucewa, saboda haka kuɗi, zinariya, magani da takardu a jakar hannu suke tafiya.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261/2004 ta tanadi diyyar da ke iya kai yuro 600, kimanin jika 393 na sefa, idan tafiyar ta wuce kilomita 3.500 kuma aka soke jirgi ko aka isa da babban jinkiri bisa laifin kamfani. Tana aiki ga duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar, amma ga mai shigowa sai in kamfanin na Turai ne. Ma'ana, mai dawowa daga Paris ta Kazablanka ko Istanbul a kan tikiti guda yana da wannan kariya, mai tafiya daga Yamai da waɗannan kamfanoni ba shi da ita.

Hanyar Kano

Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, daga Damagaram kusan 900, alhali Kano ba ta kai kilomita 300 daga kowannensu ba. Shi ya sa mutanen yankin da dama ke tashi daga filin Malam Aminu Kano, inda Ethiopian da EgyptAir ke sauka. Kafin a yanke shawara a lissafa canjin naira, halin da iyaka da hanya suke ciki, kwanan otel, da awon kaya a kwastan wajen dawowa.

Yadda ake lissafin

A ɗauki misali: tikiti ɗaya jika 520, akwati guda, jiran awa 14, ba a sauya rana. Ɗayan jika 590, akwati biyu, jiran awa 3, ana sauya rana da ƙaramar tara. Matashi mai jaka ɗaya, wanda bizarsa ke hannu kuma ba ya gaggawa, na farkon ya ishe shi, jika 70 kuma ba abin yarwa ba ne. Ɗan kasuwa mai kaya, uwa mai goyo, dattijo, ko ɗalibin da ranar rajistarsa ta matso, na biyun ne mai araha gare su. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Tambayoyi biyar sun isa kafin a miƙa kuɗi: akwati nawa ne kuma kilo nawa, awa nawa ne jira kuma a ina, ana buƙatar bizar wucewa, nawa ne sauya rana, kuma wane kamfani ne ainihin mai jirgin da za a hau. Amsar ta kasance a rubuce, tare da lambar tikiti.